Kwanan Gareji A Birnin Gwari



Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar kayan gwari ya san J5. Ita ce motar nan mai faɗin goshi da ake danƙara wa kwandunan tumatur da buhunan albasa har bayanta ya kusa shafar ƙasa, ta kama hanyar Kudu tana nishi. Kamfanin Peugeot ne ya fara fito da ita a shekarar 1981, da haɗin gwiwar Fiat, a wata masana'anta da ke Italiya. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a Turai an mayar da ɗimbin irinta ɗakin kwana. Akan sa mata gado da kabad da murhun gas da tankin ruwa da ɗan wurin wanke kwanuka, mutum ya kwashi iyalinsa su tafi hutu, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Idan ta tsufa sai a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Da ta iso hannunmu kuwa, aikin farko shi ne a kira mai walda ya ɓamɓare duk wannan ƙawa, don a samu wurin loda.

Tamu ta tsira daga wannan hukunci. Kawun wani abokinmu ne ya sayo ta da niyyar dakon hatsi, sai harkar ba ta yiwu ba, ta yi shekara uku a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a ƙofar gidansa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Gadonta na nan, kabad ɗinta na nan, har labulen tagoginta masu zanen furanni ba wanda ya taɓa. Da bikin ɗaya daga cikinmu ya taso a Kontagora, muka zauna mu shida muka yi lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake yi wa shiri kamar Sallah, ga kuma kuɗin masauki. Sai muka ga idan muka yi karo-karo muka tayar da wannan tsohuwa, mun samu mota da ɗaki a kuɗi guda. Kawu ya ba mu makulli da sharaɗin mu dawo masa da ita tana tafiya da ƙafarta.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka mako biyu kafin ranar muka kai ta gareji a Kaduna. Aka yi mata juye, aka canza fulogi da batir, aka wanke kafireto, aka duba birki. Muka zagaya da ita cikin gari kwana uku, ko tari ba ta yi ba. Agogon kilomitarta ma ya ƙara mana ƙarfin gwiwa, domin abin da ya nuna bai kai rabin na motocin haya da aka ƙera shekara ashirin bayanta ba. Dangin ango suka ga muna da fili, suka damƙa mana huhun goro da katan-katan na alewa da za a raba a wurin ɗaurin aure, ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Ranar Juma'a da sassafe muka bar Mando. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kusan kilomita 120 ne, daga nan a bi ta Pandogari da Kagara zuwa Tegina, sannan a karya zuwa Kontagora. Ba sai mun faɗa wa kowa tarihin wannan hanya ba. An yi shekarun da ba a binta sai da rakiyar jami'an tsaro, wasu kuma su gwammace dogon zagaye. A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanun garin da ta daɗe a rufe, motoci suka fara komawa hanya. Amma ko yanzu, da mun wuce Buruku sai hira ta ragu a cikin motar. Kowa ya zuba wa daji ido, doka da maje da kaɗanya suna wucewa, babu mai son ya faɗi abin da ke ransa.

Bayan Udawa hanya ta ɓaci. Ramuka suka tilasta mana tafiya a giya ɗaya da biyu na tsawon lokaci. Wajen ƙarfe goma direbanmu ya ce allurar zafi tana hawa, kafin ya rufe baki muka ji wani tsaki daga gaba, tururi ya turnuƙe gilashi. Tiyon sama na lagireto ya tsage. Muka tsaya inda babu gida ko ɗaya, babu mai talla, sai kukan tsuntsaye. A nan ɗakin da ke cikin motar ya fara biyan kuɗinsa, domin tankin ruwan da Bature ya tanada don wanke kofin shayi yana cike. Muka bar inji ya huce, muka naɗe tsagar da robar tsohon tub, muka ɗura ruwa. Mu yi tafiyar minti goma, mu tsaya, mu ƙara ruwa. A haka muka lallaɓa har muka shiga gari, hantsi ya riga ya dubi ludayi tuni.

Wani ɗan acaɓa muka tambaya wa ya san Fijo a garin nan, ya ce mu biyo shi. Garejin rumfar kwano ce da wata bishiyar mangwaro, ƙasa ta yi baƙi da mai, gawarwakin motoci uku a gefe. Mai garejin dattijo ne, gemunsa ya yi furfura, yaransa suna ce masa Oga, mu kuma muka ce masa Baba. Bai tashi daga bencinsa ba sai da ya gama amsa gaisuwarmu. Da aka ɗaga bonet ya leƙa, sai ya yi murmushi.

"Ai wannan 'yar gida ce," in ji shi. "Injin fetur ɗin nan ɗan uwan na 504 ne. A kansa muka koyi aiki."

Gaskiyarsa kuwa. An yi shekaru ana harhaɗa 504 a masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, kuma an yi zamanin da ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya. Duk bakaniken da ya kai shekarunsa a Arewa ya kwance irin wannan inji ya mayar ba adadi.

Bai fara da tiyon da ya fashe ba. Ya zaro sandar gwajin bakin mai ya kalle ta a rana, ya ce idan mai ya koma kalar shayi da madara, to ruwa ya shiga inji, gasket ya ƙone, magana ta canza. Namu baƙi ne wuluk. Ya cika lagireto da ruwa, ya sa aka tayar da mota, ya tsaya yana kallon bakin ko ruwan zai riƙa tasowa da kumfa. Bai taso ba. Ya aika yaro ya duba hayaƙin salansa ko fari ne. Sannan ya ce mu gode wa Allah, mu gode wa direban da ya kashe mota da wuri. Daga nan ya tsaya yana jira, inji na aiki, allura na hawa, fankar lagireto ko motsi ba ta yi ba. Ya nuna mana ita da sifana.

Bayaninsa mai sauƙi ne. Fankar wannan mota ta lantarki ce, akwai wani ɗan maɓalli a jikin lagireto da ke kunna ta idan ruwa ya yi zafi. Maɓallin ya mutu. Muddin mota na gudu, iskar hanya na sanyaya ta, shi ya sa ba a gane ba. Da ramuka suka hana mu gudu, zafi ya taru, ruwa ya nemi hanyar fita, ya samu tiyon da ya fi rauni. Ya matsa ragowar tiyon da yatsunsa, muka ji yana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Ya sa hannu ƙarƙashin famfon ruwan inji, ya fito da yatsa a jiƙe.

Muka ce masa ai motar ba ta yi tafiya da yawa ba, ga agogo nan. Ya ce, "Samari, zama ya fi tafiya cin mota. Ƙarfe yana jira, roba ba ta jira." Sai a lokacin muka fahimci halin irin waɗannan motoci masu ɗaki. Bature yana hawanta ne makonni kaɗan a shekara, sauran watanni tana ajiye. Agogo yana ƙirga tafiya, ba ya ƙirga zama. Tiyo da bel da robobin birki da tayoyi kuwa suna tsufa ko ana tafiya ko ba a yi. Ga shi kuma ba ta taɓa zama babu kaya ba, domin katakon kabad da gado da ruwan tanki lodi ne da ba a saukewa.

Aka kira sallar Juma'a, gareji ya watse. Bayan an sauko Baba ya zaunar da mu a benci ya shimfiɗa mana magana biyu. Ta farko, zai iya yanke inda tiyon ya tsage ya haɗa da guntun bututu, ya ɗaure da waya, ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, mu cika jarkoki da ruwa mu kama hanya kafin la'asar. Ta biyu, a aiko da tiyo da famfon ruwa da maɓallin fanka daga Panteka a Kaduna, su iso gobe da safe.

Babban abokin ango ya ce a yi na farkon. Goro na hannunmu, mutane sun dogara da mu, wace fuska za mu kalli dangin amarya da ita? Wasu cikinmu suka goyi bayansa. Muka tambayi Baba, facin zai kai mu?

Ya ce, "Zai iya kai ku Legas. Zai iya kuma sauke ku kafin Pandogari. Ni dai abin da na sani, in na yi muku shi a cikin Kaduna ne, ya tsinke, kun yi asarar wuni. A nan kuwa ba wuni ake asara ba. Kuɗinku ne, motarku ce, amma hannuna ba zai yi wannan facin da yammacin nan ba. Ga wasu garejin can gaba, wataƙila su yi muku."

Maganar ta yi mana nauyi, domin mun san dajin da yake nufi. Dajin Kamuku tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji, a 1999 ya zama gandun ƙasa na Gwamnatin Tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. A littattafan makaranta an san shi da giwaye da gwanki da gwaggon biri. A labaran rediyo na shekarun nan an san shi da wani abin daban. Ko da yake ƙura ta lafa, ba mu ga direban haya ko ɗaya a tashar garin da ke ɗaukar fasinjan nesa idan rana ta karkata ba.

Mun yi gardama sosai, har murya ta ɗan tashi. Abin da ya raba ta shi ne tambayar da Baba ya jefo yana goge hannu: "Wai motar aka gayyata ko goron?" Aka yi dariya, aka kuma ga hanya. Yaronsa ya raka babban aboki tasha da huhun goro da alewa, aka samu wata Sharon da ta kusa cika za ta Tegina, suka tashi rana na tsaka. Kafin magariba ya kira mu daga Kontagora. Mu biyar muka zauna da tsohuwarmu.

Yadda kayan suka zo abin lura ne ga duk mai bin hanya. Baba ya ciro famfon ruwan, ya sa muka ɗauki hotonsa ta kowane gefe da na tiyon, muka tura ta WhatsApp ga wani mai shago a Panteka da suka shekara suna hulɗa. Mai shagon ya turo hoton abin da yake da shi. Baba ya ƙi na farko, ya ce ƙafar famfon ba iri ɗaya ba ce, ya karɓi na biyu. Ya zaɓi famfo na Beljiyam a kan sabo mai araha, amma tiyo da bel ya ce sai sababbi, domin tsohuwar roba ba ta maganin tsohuwar roba. Muka biya ta wurin mai POS, aka ce za a ba direban motar farko da safe. Ya tuna mana cewa a 2021, lokacin da aka katse layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro, irin wannan saƙo sai mutum ya ɗauki tsohon ƙarfen a buhu ya tafi da ƙafarsa.

Da yamma mai wayarin ya zo duba fanka. Ya buɗe ƙarƙashin kujera ya tarar da batir na biyu, ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga baƙo a ɗakinsa. Wayoyi sun fita daga jikinsa zuwa fitilun ɗaki da famfon tanki. Da farko ya so ya yanke su duka ya huta. Baba ya ce ya bi su tukuna. Da ya bi, sai ya gano wani ɗan akwati da ke haɗa batir ɗin biyu idan inji na aiki don su yi caji tare, ya kuma raba su idan an kashe mota, yadda ko an kwana da fitila a kunne batir ɗin tayar da inji ba zai mutu ba. Ya jinjina kai ya mayar da komai yadda yake. Mai walda ma da ya zo ɗaure salansar da ramuka suka kwance, sai da ya sa aka buɗe masa akwatin tukunyar gas ya tabbatar babu komai a ciki kafin ya kunna wutarsa.

A garejin muka kwana. Biyu a gadon Bature, ɗaya a kujerar gaba, biyu a tabarma tare da maigadi. Matar Baba ta aiko da tuwon masara da miyar kuka. Bayan isha'i shi ma ya dawo ya zauna, muka dafa shayi, ya ba mu labarin shekarun da hanya ta mutu. Ya ce bakanike da hanya yake ci, ranar da mota ta daina wucewa tukunyarsa ta daina tafasa. Yaransa tara ne a da. Wasu suka tafi haƙar zinare a dazukan yankin, wasu suka koma acaɓa a Kaduna, biyu suka rage. Ya koma gyaran injin niƙa da injin ban ruwa don kada hannu ya manta. Ya ce a cikin waɗannan shekaru ya san motocin da aka tare saboda sun tsaya inda bai kamata ba, kuma kullum abin da yake fara tambaya shi ne, wa ya taɓa motar a ƙarshe? Bai so wata rana amsar ta zama sunansa.

Wannan ne abin da muka ɗauko daga Birnin Gwari, kuma shi ya sa muka ga ya dace mu kawo shi nan. Mun saba auna bakanike da saurinsa da sauƙin kuɗinsa. Matafiyi kuwa yana hannun mutumin da bai sani ba, a garin da ba nasa ba, kuma ba zai iya tantance aikin ba sai ya yi nisa. Abin da yake saye a wurinsa ya haɗa da hukuncin da zai yanke: wannan gyaran iya ina zai kai, kuma ƙarfe nawa ne yanzu. Baba zai iya karɓar kuɗin faci ya sallame mu cikin awa ɗaya, mu tafi muna sa masa albarka, duk abin da ya faru a gaba kuma a ce ƙaddara ce. Ya zaɓi ya ɓata mana rai da rana tsaka.

Kayan sun iso wajen ƙarfe tara na safiyar Asabar. Ya ɗaura famfo, ya canza tiyo na sama da na ƙasa, ya wanke lagireto har ruwan tsatsa ya daina fita, ya ce mu daina ɗura mata ruwan rijiya in da hali. Ya sa sabon maɓalli, muka tsaya mu duka a kan inji kamar masu jiran ganin wata, har fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Bai yarda mun tafi ba sai da ya hau da kansa ya zagaya gari da ita a giya ɗaya. Lokacin da ake shafa fatiha a Kontagora muna Birnin Gwari muna wanke hannu da omo. Mun isa bayan la'asar, mun samu walima, kuma da motarmu aka kai kayan amarya washegari. Ango ya yi mana ƙorafi, yana da gaskiyarsa, har yau in an haɗu sai ya tsokane mu da 'yan ɗaurin auren gareji.

A hanyar dawowa mun tsaya kamar yadda Baba ya umarta. Ya ƙara ɗaure bel, ya duba ko akwai yoyo, bai karɓi ko sisi ba. Sannan ya kira mai faci ya nuna mana wasu lambobi huɗu a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Ta baya ta hagu an rubuta 2314, wato mako na 23 a shekarar 2014. Zanenta bai ci ba ko kaɗan, amma gefenta duk ƙananan tsaga ne. Muka sauya ta da safaya a nan take, sauran kuma muka rubuta wa Kawu a takarda tare da lissafin abin da aka kashe.

Motar tana ƙofar gidan Kawu yanzu, sai dai ya sa ana tayar da ita duk Juma'a a zagaya unguwa. Ya ce ya fasa cire gadon.

'Yan uwa da ke bin hanyar Funtuwa ko ta Tegina, ko wata hanyar da mutum ke duba agogo kafin ya shige ta, muna son jin yadda kuka yi ranar da mota ta tsaya muku. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya zaunar da Birnin Gwari da kewayenta lafiya. Sai mako mai zuwa.